Yadda ake kallon La Notte ba tare da an ɓata shi ba

Masu kallo a Garwa da Marwa ta Kamaru, da suka saba da finafinan Indiya da na Kano, sukan tashi daga gaban fim ɗin La Notte tun ba a yi nisa ba, su ce babu labari. Labari na nan, sai dai ba da baki ake ba da shi ba.

Darektan Italiya Antonioni ne ya shirya shi, ya fito a 1961, baƙi da fari, kimanin minti 120, kuma a shekarar ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin. Yini ɗaya ne da dare ɗaya a Milan ta Italiya. Giovanni marubuci ne, Lidia matarsa. Ba faɗa, ba kishiya, ba talauci, zaman ne kawai ya zama na doya da manja ba tare da an ɗaga murya ba. Sun faro da duba abokinsu Tommaso da ke kwance rai a hannun Allah, suka ƙare a liyafar wani attajiri.

Kuskure na farko a talabijin yake. Kada a ja hoton ya cika allo. Darektan yakan ajiye Lidia can gefe, 'yar mitsitsiya a gindin katangar siminti, to idan aka yanke gefen, an yanke maganar. A cire yanayin hoto na "Dynamique", a koma "Cinéma", domin rabin fim ɗin cikin dare ne, haske mai yawa kuwa yana mayar da baƙi toka-toka. Kwafin da aka matse don turawa ta waya ma bai dace ba, duhun yakan farfashe dabbare-dabbare. A fara bayan isha'i, a kashe fitila, a ja doguwar waya a kai janareta nesa, don takun takalmi da ƙarar jirgin sama suna cikin kiɗan.

Akwai wurin da kowa ke ɗaukar rimot. Lidia tana cikin motar wani mutum, ruwa na zuba, muna ganinsu ta gilashi suna hira da dariya, ba ma jin ko kalma. Sautin bai lalace ba. Da gangan aka bar mu a waje, kamar yadda aka bar mijinta.

A nemi mai rubutun Faransanci a ƙasa, a gwada ko yana tafiya daidai da baki kafin baƙi su zo. Kada a sa yara: akwai wata fitowa a asibiti da rawar gidan dare da ba su dace da su ba.

Minti goman ƙarshe kada wanda ya motsa. Da asuba, a kan ciyawa, Lidia ta zaro wata tsohuwar wasiƙar soyayya daga jakarta, ta karanta har ƙarshe. Giovanni ya tambayi wanda ya rubuta. Shi ne.