Kwana uku a gaban murhu

Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Maman Abba kwana uku, ga zafin Garwa na watan Afrilu. Ni da na saba ajiye sefa 2,000 na cefane in fice kasuwa, ina ganin na gama sauke nauyi, sai ga ni gaban murhu. Tuwon dawa duk gudaji, miyar kuka ta kama, yara suka ƙi ci. Ruwa kuwa jarka shida na ɗauko, har yau bayana bai saki ba.

Na sha karanta aya ta 228 a Suratul Baƙara, cewa mata suna da haƙƙi kwatankwacin wanda ke kansu. Ashe nawa rabon kawai na haddace.

Da ta ɗan ji sauƙi ta leƙa tukunyar, ta ce, "Malam, wannan tuwo ne ko kunu?"