Yadda ruwa da yashi ke yanka ƙarfe

Masu walda a Ƙofar Ƙaura ba sa yarda in na ce musu ruwa na yanka ƙarfe. Suna da 'yar gaskiya: ƙwayoyin yashin garnet, wani dutse mai tauri, ne ke yankan, ruwan da inji ya matse kusan bar 4,000 (bar ma'aunin matsi ne) yana fitowa ta bakin injin yana ingiza su.

Lissafin da Mohamed Hashish, injiniya mai bincike kan irin wannan yanka, ya yi a 1984 ne ya fi burge ni, domin ya raba yankan gida biyu. A sama yashin yana gogar ƙarfen a karkace, yana feƙe shi, gefen ya fito sumul. Can ƙasa ƙarfin yashin ya ragu, sai bugun ƙarfen kawai yake yi, zane-zane su bayyana. Shi ya sa nake nanata wa ɗalibaina: in ƙarfe na da kauri, a rage saurin tafiyar bakin injin.