Biza ta fito, na zo in yi godiya

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar fasfo ɗina ya dawo hannuna da bizar Amurka a ciki, ta zuwa wani shirin horar da malamai, na zauna a bakin gado na fi minti goma ina kallon shafin na kasa cewa komai, sai da maman yara ta taɓa ni ta ce Malam lafiya dai ko. Lafiya lau, gajiyar wata shida ce ta sauko min lokaci ɗaya. Ba sai na maimaita muku ba tunda tare muka yi abin nan tun Disamba, kun san maganar ranar haihuwa da ta saɓa a takarduna, kun san zirga-zirgar Abuja, kun kuma san bara na nema Allah bai yi ba.

Ga masu ta tambayata wane shiri ne, SUSI ne (Study of the U.S. Institutes, wato shirin nazarin Amurka) na malaman sakandare, wanda ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke ɗaukar nauyi a lokacin dogon hutunsu, Yuni zuwa Yuli. Sati biyar ne, huɗu a jami'a ana karatu, ɗaya kuma yawon ganin wuraren tarihi, kowane rukuni mutum 20 daga ƙasashe daban-daban. Ofishin jakadanci ne ke tura sunanka, can Washington kuma su yanke hukunci. Malaman tarihi 'yan uwana dan Allah ku riƙa duba sanarwar tun ƙarshen shekara, kuma ku gyara takardunku tun kafin ta fito, ni abin da ya kusa kayar da ni kenan.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne daren da za a rufe karɓar fom. Ban taɓa ba ku labarinsa ba don duk lokacin da na fara sai in ji wuyana ya shaƙe.

Ƙarfe tara na dare aka ɗauke wuta, kwamfutar da na aro batirinta ba ya wuce awa ɗaya da rabi, a gida kuma sabis sai a hankali, kun san unguwarmu. Na ɗauki mashin na tafi makaranta don wajen tankin ruwa ne kaɗai sabis ke kamawa da kyau. Sanyin hunturu kuwa ba a magana, hazo ya rufe ko'ina, yatsuna sun ƙage har na kasa danna haruffa daidai. Baba mai gadi ya haska ni da cocila ya ce wane ne, da ya gane ni sai ya ce Malam me ya fito da kai a daren nan, na ce Baba wata takarda ce in ban tura kafin sha biyu ba shi kenan sai baɗi. Bai ƙara tambaya ba. Ya koma ɗakinsa ya ɗauko fitilar sola da bargonsa, bargo ɗaya tak da yake da shi, ya yafa min a kafaɗa. Da ya ga ina ta ɗaga waya sama ina neman sabis kuma ina son yin rubutu da hannu biyu, sai ya karɓi wayar ya jawo benci ya hau, tsoho mai shekara kusan saba'in, ya miƙe hannu sama yana riƙe da ita. Na ce Baba ku sauko kar ku faɗi, ya ce kai dai yi aikinka.

Yana tsaye a kan bencin ne ya ce wai me kake rubuta musu. Akwai wurin da ake so ka faɗi dalilin da ya sa kake son zuwa, a 'yan kalmomi kaɗan, ni kuma na cika shi da irin maganganun da kowa ke yi. Sai na ba Baba labarin da nake ba yaran SS 2, na Muhammadu Baquaqua, wanda aka haifa a Zugu, garin da taswira ke rubutawa Djougou a ƙasar Benin ta yanzu, kan hanyar fataken goro ta Gwanja, kuma mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. Na ce masa an kama shi an sayar, an tsallaka da shi teku zuwa Brazil, daga nan a 1847 jirgin da yake yi wa bauta ya kai buhunan kofi New York ya samu ya tsere, ya zauna Haiti, ya yi karatu a Amurka, a 1854 aka buga labarin rayuwarsa a Detroit, kuma burinsa kullum ya koma gida.

Baba ya yi shiru, hannunsa na sama yana rawa don gajiya, can sai ya ce, Allah sarki, to uwar tasa ta sake ganinsa kuwa?

Wallahi shekara goma sha ɗaya ina koyar da tarihi, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Labarin mutumin ya yanke ne a Ingila a 1857, yana neman hanyar komowa. Nan take na goge rabin abin da na rubuta na fara da tambayar Baba, na ce yarana a aji jikokin irin wannan uwar ne, kuma ina son in je in ga yadda malaman can ke koyar da ɗaya ɓangaren labarin, na inda aka kai mutanen, in dawo in haɗa da namu na inda aka ɗebe su. Na ƙara da Nicholas Said ɗan Kukawa ta Borno da ya shiga rundunar Massachusetts ta 55 a 1863 lokacin yaƙin basasar Amurka. Sha biyu saura minti tara fom ya tafi, batiri saura kashi huɗu. Da Baba ya sauko sai da na riƙe shi don ƙafarsa ta yi sanyi. A intabiyu ma wannan sakin layin aka fara tambayata.

Na san ba ka karatun boko Baba, amma na roƙi ɗanka ya karanta maka. Allah Ya saka maka da gidan Aljanna, Allah Ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka, yadda ka rufe ni daga sanyi Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira.

Sauran ma na san kun ce kar in ambace ku, ku yi haƙuri ba zan iya ba. Firinsifal ɗinmu da ta sa hannu a takardar izini a ranar da na kai, alhali tafiyar ta faɗo tsakiyar zango na uku, don hutun Amurka ba shi ne namu ba. Malamin Turanci da ya bi rubutuna da jan biro har sau huɗu bai gaji ba. Abokin aikina mai koyar da gwamnati da ya yarda zai riƙe min azuzuwa uku a kan nasa, ba ko sisi. Yayata ta Funtuwa da ta sayar da tunkiyarta ta turo min kuɗin mota ba tare da na roƙa ba, Yaya har yanzu in na tuna sai hawaye. Direban da ya tsaya da mu a hanyar Kaduna ranar da muka ji labarin ba daɗi a gaba, ya ce gara a makara. Ƙanin maman yara da zai duba min gona, tunda shuka da noman farko duk ba na nan za a yi. Ita kuma maman yara, ita da Allah kaɗai suka san abin da ta jure.

Akwai na jiki sosai da na yi zaton za su kira ko da sau ɗaya su ce ya ake ciki, har wanda ya taɓa ce min tarihi ba ya kawo abinci. Ban riƙe kowa ba, amma na ji abin a raina, gaskiya na ji. Jiya da labari ya bazu wayarsu ta shigo kuma na ɗauka.

Mu malaman tarihi mun daɗe a gefe. Tun zangon 2009/2010 da aka cire darasin daga firamare da ƙaramar sakandare wasunmu suka koma koyar da abin da ba su karanta ba, sai a Nuwamba 2022 aka ƙaddamar da horar da malaman tarihi 3,700 don a dawo da darasin, mutum 100 daga kowace jiha da Abuja. Shi ya sa ban ɗauki tafiyar nan tawa ni kaɗai ba, duk takardar da aka ba mu a can zan kawo mu yi hoto mu raba.

Allah Ya biya kowa, Allah Ya jiƙan iyayenmu da malaman da suka koya mana, Allah Ya ba garuruwanmu zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai ni lafiya Ya dawo da ni in same ku lafiya. Wanda na ɓata wa a cikin watannin nan saboda ruɗewa ya yafe min dan Allah. Gobe da safe in sha Allahu zan shiga makaranta in nuna wa Baba fasfon da hannuna, don tun Afrilu kullum sai ya tare ni a ƙofa ya ce Malam takardarmu ta fito?