Laraba: wake, Auta da maganar Yaya

Hazo ya sauka sosai yau, leɓe duk ya tsage. Na yi sa'a keken farko da na tare a Tumfure ya kai ni bakin babbar kasuwa ba tare da dogon ciniki ba. Tumatir ya faɗi warwas, na ciko leda biyu ina ta washe baki kamar wadda aka yi wa bushara.

Da la'asar ne abin ya ɓaci. Auta ya zo hutu tun Asabar, kun dai san shi, tunda ya shiga makarantar tauhidin nan a Jos ko gaisuwa sai ya haɗa mata aya. Mama na kan tabarma tana tsintar wake a faifai, ni ina jajjage. Sai ta ɗauko maganar Yaya kamar kullum: Lahadi ma bai leƙo sujada ba, 'yan Zumuntar Mata sun sa shi a addu'a, gobe za ta bi shi har shago.

Auta ya ce, "Mama, ki huta da wahalar nan. In Allah ya zaɓe shi zai dawo, ko kin bi shi ko ba ki bi shi ba." Ya jawo Yohanna 6:44, cewa ba mai iya zuwa wurin Yesu sai Uba ya jawo shi. Bai tsaya nan ba, ya buɗe Romawa 9, inda Allah ya zaɓi Yakubu a kan Isuwa tun suna ciki ba su yi nagarta ko mugunta ba, da maginin tukwane mai iko a kan yumɓunsa.

Na ajiye taɓarya. Na ce, "Malam Auta, 2 Bitrus 3:9 fa, ka yage ta daga naka Littafin? Ba nufin Allah ba ne kowa ya hallaka. Joshuwa kuma da ya ce wa Isra'ila su zaɓi wanda za su bauta wa, wasa yake musu?" Ya ce matacce ba ya zaɓe, Afisawa 2 ta kira mu matattu cikin zunubi, Li'azaru kuma ba a nemi shawararsa ba kafin a kira shi daga kabari. Na ce shi ɗan nan na cikin misalin Yesu da ya ɓatar da gadonsa ai da bakinsa ya ce zai tashi ya koma wurin ubansa, ba wanda ya ɗaure shi da igiya.

Daga nan ya zuba mana tarihi, muryarsa har waje. Agustin, wanda ya yi bishop a Hippo cikin Aljeriya ta yau, ("ɗan Afirka ne fa, Yaya Ƙarama") ya kara da wani malami mai suna Felajiyus a kan wannan batu na zaɓin Allah da zaɓin mutum tun ƙarni na 5. Malaman Turai biyu, Luta da Irasmus, sun yi wa juna raddi a kai a 1524 da 1525. Almajiran Arminiyus, malamin da ya ce mutum ma na da zaɓi, sun kai ƙorafinsu a Holan a 1610, taron ikilisiya na garin Dort na 1618 zuwa 1619 ya ƙi su, ya tsaya a bayan koyarwar Kalbin, malamin da ya ce Allah ne kaɗai ke zaɓen wanda zai ceta. Zan faɗi gaskiyar yaron, bai yi wa abokan gardamarsa ƙarya ba. Da kansa ya ce Arminiyus ma bai taɓa cewa mutum na ceton kansa ba. Ɓangaren Arminiyus da na Kalbin duka sun yarda alherin Allah ne ke fara taɓa mutum, inda suka rabu shi ne ko mutum na iya ture hannun da aka miƙo masa. Wannan ban sani ba, kuma ban nuna masa ban sani ba.

Duk wannan Mama ba ta ce uffan ba. Sai da muka gaji ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Auta, tun rasuwar babanku nake durƙusawa saboda yayanku. Gaya mini, an riga an rufe littafin ne?"

Ya daburce. Ya ce a'a Mama, ba wanda ya san zaɓaɓɓu sai Allah, addu'arki ma tana cikin hanyar da ya shirya. Na san haka malamansa ke koyarwa, kuma da da ita ya fara da ba mu kai nan ba. Amma magana zarar bunu ce. Na kalli faifan, sai na ga tana watsar da wake mai kyau tare da tsakuwa, kaji na ta wawa a gefen tabarma. Hannunta na aiki, ita ba ta wurin.

Abin da ke cina tun ɗazu ba ayoyin Auta ba ne. Ni ma don in kayar da shi na shiga, na ji daɗin Joshuwan nan da na jefa masa, alhali wanda muke jifa a kansa ɗanta ne na fari. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya ta tsinci ƙarshen zancen, ta yi dariya ta ce su ma malamansu sun daɗe suna fama da batun ƙaddara, mu bar tsohuwa ta sarara. Kunya ta kama ni.

Wuta ta ɗauke wajen takwas. Ta jikin bango na ji Mama tana addu'a: "Ya Uba, ka kamo shi, ko yana so ko ba ya so." Tana cewa amin ta ɗauki waya, na ji tana bar masa saƙon murya: "Babana, ba wanda zai tuba maka. Ƙafarka ce za ta kawo ka." Na so in taso Auta in tambaye shi Mama 'yar wane ɓangare ce, sai na tarar da shi a bakin rijiya da tocila a baki yana wanke kwanuka, abin da ban ga ya yi ba tun yana firamare. Na ƙyale shi.

Waken ya koma na gobe, indomi muka ci. Tumatir na nan a leda, ban ko zube shi a tire ba. Yaya ya buɗe saƙon ƙarfe goma da kwata, bai amsa ba.