Folda ce shaidata ta farko

Ofishina ɗaki biyu ne a Sabon Garin Zariya kusa da PZ, ni da wani ƙaramin lauya da ya fito daga makarantar lauyoyi ta Bagauda sai sakatariyarmu. A harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello na yi digirina na lauya, kuma lokacin ban taɓa kawowa a raina asibitoci zan riƙa karewa ba, ni dai shari'ar fili da ta gado na sa gaba kamar kowa. Wani likita abokin yayana aka maka a kotu ya rasa mai tsaya masa, na karɓa, toh tun daga nan abin ya zame min sana'a. Zariya kuma gari ne na likitoci saboda asibitin koyarwa na Shika, ƙananan asibitoci ga su nan birjik daga Samaru har Tudun Wada, aiki ba ya yankewa.

Yawanci bayan isha'i likitocin suke zuwa, sammaci a hannu, jiki na rawa. Likitan da ke buɗe cikin mutum ko gezau, amma takarda ɗaya ta hana shi barci. Kafin ya fara rantse-rantse nake tare shi, Likita, ina foldar majinyacin? Don alƙali bai kasance a ɗakin tiyata ba, ni ma ban kasance ba, abin da aka rubuta a daren shi kaɗai zai yi magana bayan shekara biyu ko uku.

Akwai wata shari'a da ba na mantawa. An kawo mai naƙuda daga ƙauye tsakar dare, ɗan ya zo a gicciye sai an yi aiki, ita kuma ta ce ba za ta yarda ba sai maigidanta ya yarda, shi kuma ya ce sai mahaifinsa ya iso. Kafin a sa hannu ɗan ya rasu, daga baya dangi suka shigar da ƙara wai an bar ta tana wahala. Da na buɗe foldar sai ga rubutun wata nas da shuɗin biro, ƙanana kamar tafiyar tururuwa, ƙarfe 2:40 an yi mata bayani da Hausa ta ƙi, 3:15 an sake, 4:05 an sake, kowanne da sa hannu da dangwalen yatsa. Wallahi layukan nan uku su suka fitar da asibitin, ba iya maganata ba.

Mutane da yawa ba su san cewa a doka baligi mai hankali shi ke da iko da jikinsa ba, mace ko namiji. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001 a shari'ar Dokta Okonkwo na Inugu, wanda majinyaciyarsa 'yar Shaidun Jehobah ta ƙi ƙarin jini har ta rasu, kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi wata 6, ƙarshe aka wanke shi. Kuma faɗan namu ba a babbar kotu kaɗai yake ba, akwai kwamitin bincike na MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a Najeriya, can ma likitoci suka fi tsoro don lasisi ne a kan layi, daga nan sai kotun ladabtarwa sai kotun ɗaukaka ƙara. Ma'aunin dai ɗaya ne tun shari'ar Bolam ta Ingila a 1957, shin abin da ya yi, ƙwararrun likitoci irinsa za su ce ya yi daidai? Mutuwa ita kaɗai ba sakaci ba ce.

Amma fa sakacin akwai shi, kuma yana ci min rai. Mai asibitin da ya ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa wanda jini ke zuba, ai sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya haramta, ga dokar 2017 ta masu raunin bindiga da ta hana jiran takardar 'yan sanda. Irin wannan ba na ɓoye masa. Wani ya taɓa kawo min folda da fanko na awa shida, sannan an bi wani wuri an goge an sake rubutu da biro daban, na ce Likita, wannan ba zan kai gaban alƙali ba, mu nemi sulhu. Ya ji haushi sosai, kwana uku bai ɗaga wayata ba.

Ƙarshe dai muka je gidan iyayen majinyaciyar da ta rasu tare bayan la'asar, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Mahaifin marigayiyar dattijo ne, na durƙusa na ce Baba, mun zo gaisuwa ne kafin komai. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce shi tun farko ba diyya ce ta kai shi kotu ba, wata takwas yana zirga-zirga babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa me ya kashe 'yarsa. Likitan ya zauna ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har inda suka gaza. Diyyar ma an biya, dattijon ya ce a sa wa jikokinsa biyu a kuɗin makaranta.