Kafin ku sayar da gona don neman wa yaro magani

Ƙannena masu sabon aure, da ku da kuka fara goyo, ɗana yana ɗauke da ciwon da likitoci ke kira Duchenne, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a ƙarni na 19. Ciwo ne da ke cinye tsoka sannu a hankali, kusan maza kaɗai yake kamawa, kamar ɗaya cikin jarirai maza 3,500 zuwa 5,000. Da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunansa a unguwarku, shi ya sa kowa zai raɗa masa sunan da ya sani.

Alamunsa sun daɗe a gabanmu. Yaron ya makara wajen tafiya, yana yawan faɗuwa, yana takawa da yatsun ƙafa, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwa ya dafa cinya. Sharaɓarsa kuwa ta yi kauri har ana cewa ƙaƙƙarfa ne. Ni na ɗauka ƙiwuya ce, na riƙa yi masa tsawa, abin da har yau yake ci mini rai. Daga baya wannan ya ce shan inna ne, wancan ya ce iska ce, wani ya ce sammu. Duk wanda ya ce zai warkar da shi na kai masa kuɗi, har gonar gado ta tafi. Ashe gwajin jini guda, wanda ake kira CK, da ya nuna mana hanya tun farko, kuma kuɗinsa bai kai na rago ɗaya daga cikin waɗanda na yanka ba. In kun ga irin waɗannan alamu, ku nemi likitan yara a babban asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, ku tambaye shi wannan gwajin.

Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da shi ba. Addu'a kada ku sake ta, amma wanda ya yanka muku farashin waraka, ku kama aljihunku. Kuɗin nan za ku neme shi nan gaba ido rufe. Akwai wani magani mai suna prednisolone da ke jinkirta lalacewar tsoka, likita ne ke tsara shi, kuma ba a yanke shi dare ɗaya. Akwai gashin ƙashi don kada gaɓoɓi su ƙage, da awon zuciya da na numfashi, don su ma tsoka ce ke tafiyar da su. Yawancin yaran nan kan koma kan keke wajen shekara 10 zuwa 12, keken kuma sai an canja yayin da yaro ke girma. Ga kuɗin mota, ga gyaran ƙofa da banɗaki, ga sana'ar uwa da ta tsaya cik. Ko tiyata za a yi masa, sai an faɗa wa mai ba da allurar barci sunan ciwon tukuna.

Sai maganar uwar yaro, wadda ta fi kuɗin zafi. Da dangi suka ji cewa ta wajen uwa ake gadonsa, sai habaici ya tashi, ni kuma na yi shiru lokacin da ya kamata in tsawatar. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon nan ba gadonsa suka yi ba, a jikinsu ya fara. In ma uwar ce ke ɗauke da shi, ba ita ta zaɓa ba, kuma ita ce ke ciccibar yaron dare da rana har bayanta ya ƙage. Ka karɓe ta, ɗan'uwa, ka koyi ɗaga shi da juya shi a kan gado.

Kada ku cire shi daga makaranta don ƙafa ta gaza. In ajinsu a saman bene yake, ku nemi a mayar da shi ƙasa. 'Yan'uwansa mata kuma, kowacce tana iya kasancewa ta gaji ciwon tana ɗauke da shi ba tare da wata alama ba, don haka ku kai su wurin likita kafin aure, kamar yadda ake yi na sikila.