Neman Sawun Bayi Mata a Takardun Masu Bayi

Darasin farko da nazarin tarihin bautar da baƙar fata a Amurka da tsibiran Karibiyan ke koyarwa shi ne, yawancin takardun da ke hannunmu ba bayi ne suka rubuta su ba. Matuƙan jiragen ruwa ne, da masu gandu, da alƙalai. Su kuwa ba sa kiran abu tawaye sai sun ga namiji da adda a hannu. Duk mai binciken da ya ari ma'auninsu, zai tashi yana zaton mata ba su taɓuka komai ba.

A fara da jirgi. Maza akan sa musu mari biyu-biyu a can ƙasa. Mata da yara galibi ba a ɗaure su, ana ajiye su a ɓangaren baya, kusa da ɗakin kyaftin da akwatin makamai, saboda raini, da kuma don ma'aikatan jirgi su riƙa yi musu fyaɗe. Wannan kusanci ya sa mata suka san mai gadin da ya bugu, da wanda zazzaɓi ya kayar, da inda mabuɗi yake. A 1721, a jirgin Robert a gaɓar Saliyo, wata mace ce ta kai wa maza guduma don su yi bore, ta kuma gaya musu lokacin da masu gadi suka ragu. Yunƙurin bai yi nasara ba. Aka rataye ta da manyan yatsunta, aka yi ta dukanta ana yanka ta har ta cika. Sunan jagoran mazan, Tomba, ya shiga takarda, nata bai shiga ba. Ƙididdigar tafiye-tafiyen jiragen ta nuna kusan ɗaya cikin goma ya gamu da bore, kuma jirgin da mata suka yi yawa a ciki ya fi fuskantar hakan.

Cigiyar bayin da suka gudu, wadda ake bugawa a jaridu, ita ta fi yaudarar ɗalibi. Maza ne suka cika ta, don su ake aike da amalanke da kwale-kwale, sun san hanya, ba su da goyo. Mace ta fi yin ɓuyan kwanaki ko makonni a daji ko fadama, ta dawo bayan an sasanta. Ubangida ba ya ɓata kuɗin cigiya a kan wannan, sai a littafin aikin gandu za a ga an rubuta ba ta fito ba. Sai kuma a tambaya: wa ke kai wa masu ɓuya abinci da dare? Harriet Jacobs ta yi kusan shekara bakwai a wani ɗan ƙuƙumi ƙarƙashin rufin gidan kakarta a garin Edenton na jihar North Carolina, don tsira daga fitinar lalatar ubangidanta ba tare da ta yi nisa da 'ya'yanta ba. Harriet Tubman, wadda ta tsere a 1849 ta koma ta fito da mutum kusan 70, ta cancanci yabo, amma in da ita kaɗai za a auna, an zalunci sauran.

Haihuwa ma fagen daga ce. Dokar Virginia ta 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, kuma da Amurka ta hana shigo da bayi a 1808, mahaifar baiwa ta zama jarin ubangida. Mata sun riƙa tauna saiwar auduga don hana ciki ko zubar da shi, likitocin gandu sun yi ta ƙorafi a kai. Amma nan ake zamewa: ba kowane ɓari ne turjiya ba. Aikin rake da yunwa da ciwon sandarewar jarirai sun isa su rage haihuwa ko su kashe jarirai, don haka kada a yanke hukunci sai da shaidar bakin matar ko ta ungozoma.

Takardun kotu sun fi kawo suna. Elizabeth Freeman ta kai ƙara a Massachusetts a 1781 ta sami 'yanci. Sojourner Truth ta ƙwato ɗanta a kotu a 1828. Celia kuwa, yarinya 'yar shekara 19 a Missouri, ta kashe Robert Newsom da ya shekara biyar yana yi mata fyaɗe, aka rataye ta a 1855. Ba a bar ta ta ba da shaida ba, duk maganarta da ke cikin kundin ta bakin fararen da suka titsiye ta aka ji ta, kuma da sanin haka ya kamata a karanta.

Hirar da aka yi a Amurka da tsofaffin bayi fiye da 2,300 daga 1936 zuwa 1938 ma sai an duba wanda ya yi tambayar, don tsohuwa ba ta faɗa wa Baturen garinsu abin da za ta faɗa wa baƙar fata. Nanny, shugabar bayin da suka ƙwaci kansu a duwatsun Jamaika, sau kaɗan takardun Ingila suka ambace ta, ciki har da takardar ba ta eka 500 ita da mutanenta. Sauran labarin yaƙinta a bakin jikokin mutanenta na Moore Town ake samunsa.